Babi na Huɗu

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta gyare-gyaren da Dokta Sheshi yake ba ni a kan kundina. Ga shi shafin farko ba gyara zan rubuta ba.

An sa ranar kare kundi: Laraba, 3 ga Satumba. Ƙawata Lilian ce ta gani a allon sanarwa na sashenmu, ta ɗauki hoto ta turo min. Sunana ne na uku. Hidaya Sanda, digiri na biyu, nazarin littattafan zane da fina-finan katun na ƙasar Japan. Babi uku sun kammala, Dokta ya sa hannu. Na huɗu ne ya tsaya, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Shafi arba'in na zaɓo daga littattafan manga, zan bi su akwati bayan akwati in nuna yadda masu zanen suke nuna baƙin ciki ba tare da sun zana fuska mai kuka ba. Na yi sha ɗaya. Saura ashirin da tara.

Ranar Alhamis zan koma asibiti. Sun ce in zo da wani. Ba zan je da kowa ba.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Baba yana ɗinki a zaure ya kira ni. "Uwata, zo ki zura min zaren nan, allurar ta ƙi ni." Tun ina firamare ni nake zura masa zare idan idonsa ya gaji. Na tsuguna gaban keken, na lashi bakin zaren, na kai. Ya wuce ta gefe. Na sake. Har sau biyar. Na ce masa hannuna ne yake rawa, ban karya ba tun safe. Ya karɓa, ya sa tabarau ya zura da kansa.

Yau ban faɗa masa ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Sun zaunar da ni gaban wata na'ura mai kama da babbar ƙwarya, na ɗora haɓa, aka ba ni maɓalli a hannu. Duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna. Da aka rufe idon hagu na danna, na danna, na danna. Da aka rufe na dama na zauna ina jira a fara. Sai ma'aikaciyar ta ce, "An gama, 'yar'uwa."

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta juyo min da takardar. Da'ira biyu. Ɗaya baƙa ce kusan duka. Ɗayar baƙin ya cinye gefenta ya bar tsakiya.

Ta ce, "Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a gidanku?"

Na ce babu.

Ta ɗan dube ni, sannan ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Na san sunan tun ina shekara goma sha ɗaya.

Ta ƙara min kwalba ta biyu ta maganin ɗigawa. In dawo bayan mako biyu. Ta sake cewa in zo da wani.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Ruwa tun asuba. Na baje shafi na sha biyu a kan tabarma kusa da ƙofa, inda haske ya fi yawa.

Labarin wani tsoho ne mai gyaran lema a wani gari na bakin teku. Matarsa ta rasu a shafin da ya gabata. Mai zanen bai nuna gawa ba, bai nuna masu kuka ba. Ya zana butar shayi a kan murhu, sai takalma ƙafa biyu a bakin ƙofa, sai wani akwati dogo a can gefen hagu wanda babu komai a cikinsa. Duk hujjata a babin nan a kan wannan ta tsaya: mai karatu yana fara shafin daga dama, amma tun kafin ya iso, gefen idonsa ya riga ya hango farin akwatin yana jiransa. Zuciyarsa tana sanin labarin kafin ya karanta shi. Ni na rubuta haka da hannuna a babi na biyu, Dokta ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta "madalla" a gefe.

Yau na ga butar. Na juya kai, na ga takalman. Na ƙara juyawa, na ga farin akwatin. Ɗaya bayan ɗaya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ban ga shafin ba.

Na rubuta layi huɗu na goge uku.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Yau ma ban faɗa masa ba.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Na sauka daga keke napep a unguwar Bosso zan tsallaka titi, wani keken ya fito ta hagu ya goge min gyale. Ban gan shi ba sai da na ji iskarsa. Direban ya leƙo ya ce, "Hajiya, ba kya gani ne?" Mutane suka yi ta yi masa faɗa wai ya yi gudu. Bai yi gudu ba.

Dokta Sheshi yana ofis yana cin gyaɗa, takardu sun rufe teburinsa kamar kullum. Mutumin Bida ne, shekara biyu ya yi yana gardama a taron sashe kafin su yarda da wannan batu. Na ji labarin har wani farfesa ya tambaye shi ko yanzu digiri ake bayarwa a kallon katun ɗin yara. Dokta ya ce masa, "Yallaɓai, je ka leƙa wayar ɗalibanka. Abin da rabin aji ke kallo kullum, ya kamata wani ya tsaya ya fahimce shi."

Yau yana cikin fara'a. Ya ce, "Malama Hidaya, zauna. Na yi magana da shugaban sashe. Idan kundinki ya yi kyau gaban mai jarrabawa na waje, za su bar ni in buɗe kwas a kan wannan fanni ga 'yan aji uku. Kuma wa kike tsammani zai koyar? Ni tsufa ya zo. Ke ce ta farko, ke za ki riƙe shi."

Na ce, "Allah ya ba mu iko, Malam."

"Ina aka kwana a na huɗu?"

"Ana kai, Malam."

Ya miƙo min gyaɗa a tafin hannunsa. Na kai hannu na kama iska, na sake kaiwa. Ya ɗauka kunya ce.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan azahar

Na saurari faifan hirarrakin babi na uku, tunda shi ba ya buƙatar ido. Mutum talatin na yi hira da su bara. Na tsaya a kan ta Kafayatu, mai kitso a unguwar Kpakungu, wadda take jingina waya a jikin madubi tana kallon anime, katun ɗin Japan, hannunta na kan kan mutane. Na tambaye ta me take so a ciki. Ta ce, "Anti, su ba sa sauri. Mutum zai zauna yana kallon ruwan sama, su bar shi ya kalla. A namu fim da an mutu sai ihu." Na ji muryata a faifan ina dariya, ina cewa ta maimaita in rubuta.

Muryar kamar ta wata ce daban. Wadda ba ta da labari.

Shafi na sha uku. Layi shida.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Lilian ta gane.

Muna ɗakin karatu, ita tana kan nata aikin na tallan rediyo, ni na buɗe shafuka biyu. Ban san ta daina rubutu ba. Sai ji na yi ta ce, "Hidaya, me ya same ka?" Lilian kowa "ka" take ce masa, mace da namiji, tun muna aji ɗaya nake tsokanarta a kai.

Na ce babu komai.

"Karya ne. Tun dazu ina kallo. Kana juya kai gaba daya kamar kadangare. Na daga maka hannu a nan sau uku ba ka gani ba."

A gefen hagu take zaune.

Mun fita bayan ginin, gindin mangwaro. Na gaya mata rabi. Ta kama hannuna. Sai ta ce ta iya zama da ni kullum ta riƙa faɗa min abin da ke shafin, ni in rubuta. Na ce mata shafin ba labari ba ne da za a ba ni, kallo ne. Idan wani ya gani ya faɗa min, kundinsa ne ba nawa ba. Na faɗa da zafi. Ba ta cancanci haka ba.

Ta ce, "To ka fada wa Dokta."

Na ce idan ta faɗa wa wani, ni da ita har abada.

Ta rako ni har bakin titi. Ta tsaya a haguna, ta tsayar min da keke.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

Sha huɗu.

Litinin, 18 ga Agusta, da safe

Sha huɗu har yanzu. Kai na ciwo. Fitilar ɗaki ta yi kewayen bakan gizo.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Maganin bai yi abin da ake so ba. Likitar ta auna idanun sau biyu. Ta ajiye biro ta ce na hagu ba ta da abin da za ta yi masa. Na dama ake ceto. Aiki za a yi, kuma tana da gurbi ranar Talata mai zuwa, 26 ga wata. Bayan aikin zan yi makonni ba karatu, ba kwamfuta, ba sunkuyo.

Na ce ina da jarrabawa 3 ga Satumba.

Ta ce, "A ɗage ta."

Na ce mai jarrabawar daga wata jiha zai zo, sau ɗaya a shekara. Wanda ya rasa sai baɗi.

"To baɗi."

Na tambaye ta, idan an yi aikin, abin da ya tafi zai dawo? Ta ce a'a, aikin tsayar da ɓarna yake yi, idan an dace. Na ce to baɗi zan fi yau gani?

Ta ce, "Kowace rana da kika ƙara, daga cikin abin da ya rage kike cirewa. Ban san nawa ba. Wataƙila kaɗan, wataƙila ba kaɗan ba. Ni dai na gaya miki."

Na ce ta sa ni 8 ga Satumba. Ta rubuta a fayil cewa ni na nema, ta ba ni na sa hannu. Ta nuna min layin da yatsa.

A hanya na yi ta lissafi. Kwana goma sha uku ne kawai bambancin. Shekara uku na yi a kan aikin nan. Kwana goma sha uku.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Sha bakwai. Na daina ƙoƙarin ganin shafi gaba ɗaya. Ina rubutawa daga abin da na tuna na gani shekara biyu da suka wuce, lokacin da na zaɓo su. Ban san ko wannan nazari ne ko ƙarya ba.

Yau ma ban faɗa masa ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na fito wanka na tarar da Baba zaune a bakin gadona. Bai taɓa shiga ɗakina ba tun rasuwar Umma, daga bakin ƙofa yake tsayawa ya yi gyaran murya. Kwalaben biyu suna hannunsa. A cikin takalmina na sallah nake ɓoye su.

Ya ce, "Shekara tara ina ɗiga wa uwarki irin wannan, safe da yamma. Kin ɗauka ba zan san warinsa a jikin matashinki ba?"

Na tsaya da bokiti a hannu.

"Tun ranar allura na sani. Kafin nan ma na yi zato, da kika riƙa karo da randa. Ina jira ki faɗa min da bakinki. Na ga ba ki da niyya."

Na zauna a ƙasa na gaya masa duka. Har maganar aikin, har ɗagewar. Wannan ce ta tayar masa. Baba ba ya ɗaga murya, yau ma bai ɗaga ba.

"Uwarki ba ta samu wanda zai ce mata zo a yi aiki ba. Lokacin da muka je an makara. Ke an ce miki zo, kin ce sai kin gama kallon hotuna?"

Na ce, "Baba, ba kallon hotuna ba ne."

"To mene ne? Faɗa min, ni jahili ne."

Shafi ɗari da ashirin na rubuta a kan mene ne, amma gabansa ban samu kalma ɗaya ba.

Ya ce gobe zai je asibitin da kansa ya roƙi likita ta mayar da ranar. Na ce idan ya je ma ba zan kwanta ba. Sai ya ce, "Kwanta nan. Ɗaga kai." Ya buɗe kwalbar, ya riƙe min fatar ido da babban yatsa, ya ɗiga. Bai zubar da ko ɗigo ɗaya a kumatuna ba, ni kuwa kullum rabi a nan yake ƙarewa.

Talata, 26 ga Agusta, da safe

Yau ce ranar da ta ba ni da farko. Ina zaune a tabarma. Ashirin da ɗaya.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan azahar

Baba ba ya min magana sai ta dole, amma ƙarfe bakwai na safe da bayan magariba yana bakin ƙofa da kwalba.

Yau bayan ya ɗiga bai tashi ba. Ya ɗauki littafin mai gyaran lema, ya juya shi, ya buɗe ta baya. Ya ce, "Ashe daga dama suke farawa, kamar mu a allo." Ya sa tabarau. Ya bi akwatunan da yatsa a hankali, yatsan da allura ta cinye. Ya tsaya a shafi na sha biyu.

"Nan tawada ce ta ƙare musu?"

Na ce a'a, da gangan aka bar shi. Matar tsohon ce ta rasu.

"Ina aka ce ta rasu?"

"Ba a ce ba."

Ya koma kan takalman. Ya koma kan butar. Ya daɗe. Sannan ya rufe littafin ya ajiye shi daidai inda ya ɗauka. A bakin ƙofa ya ce, "Mutumin nan da ya zana wannan, an yi masa rasuwa."

Ya fita. Na ji keken ɗinki bai tashi ba har la'asar.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Na kira Lilian na ba ta haƙuri. Ta zo da dafaffen masara. Ita ta haɗa min hotunan da zan haska a majigi, ta sa su a jere, na haddace jerin kamar hadda. Na miƙa babin da shafi ashirin da shida maimakon arba'in. Dokta ya kira ya ce ya karanta, na farkon sun fi na ƙarshen rai, amma za a iya karewa. Ya tambaya ko lafiya. Na ce gajiya ce.

Talata, 2 ga Satumba, da safe

Da na farka, gefen ƙofar da nake gani daga gado babu shi. Na jira ko barci ne. Na wanke fuska. Babu shi.

Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 3 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya, in huta.

Mutum biyar a teburi. Mai jarrabawa na waje dattijo ne mai sanyin murya, ya karanta kundin sosai, duk gefen shafukan rubutunsa ne. Minti ashirin na yi ina magana. Lilian tana danna kwamfuta, ni ina fuskantar su, ban juya ga allon ba ko sau ɗaya. Na ji kaina ina faɗin abubuwan da na yi imani da su. Farfesan nan da ya ce katun ɗin yara ne har ya yi tambaya a kan hirar Kafayatu, tambaya ta gaske. Na amsa. Na ji Dokta Sheshi yana gyara zama irin na mai jin daɗi.

Sai dattijon ya ce hujjata ta gefen ido ta burge shi, yana so ya ga ko tana aiki a shafin da ban zaɓa da kaina ba. Ya zo da nasa. Ya ba Lilian ta haska.

"Malama, dubi shafin nan na daƙiƙa biyar. Kada ki karanta. Ki gaya mana abin da idonki ya fara hangowa a gefe."

Tambaya ce mai kyau. Da ni ce shi, ita zan yi.

Na juya. Haske mai yawa. A tsakiya na ga wani abu kamar hannu, ko reshe. Na motsa kai, na ga rabin taga. Na sake motsawa na rasa hannun.

Ya ce, "Me ke kusurwar hagu ta ƙasa?"

Lilian ta yi wani ƙaramin tari. Na san so take ta raɗa min. Na ɗaga mata hannu.

Na ce, "Yallaɓai, ba na gani."

Ya ce a rage hasken ɗaki.

Na ce, "Ba hasken ba ne. Ba na gani. Shafuka goma sha biyar na ƙarshe a babin nan ban gan su ba lokacin da nake rubutu. Daga tunawa na rubuta."

Babu wanda ya yi min faɗa. Da ma sun yi. Aka ce mu jira a waje. Bayan rabin awa shugaban sashe ya kira ni ya ce babi uku na farko sun karɓu. Na huɗu sai an sake shi, shafi arba'in cif kamar yadda na yi alkawari a gabatarwa, an ba ni wata shida. Ya ce suna min addu'ar samun lafiya. Maganar kwas ɗin ba a tayar ba.

Dokta ya same ni a baranda. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun kafin azumi na fara lura.

"Kina shiga ofishina kina fita. Ina ta zuba miki maganar kwas." Ya cire hula ya mayar. "Da kin faɗa min, da na canja tsarin babin. Da na nemi a ɗage. Akwai hanyoyi, Hidaya. Ni na ɗora miki kayan da ya hana ki magana."

Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce in gaida Baba.

A keke na tambayi Lilian me ke kusurwar. Ta ce wani kare ne a kwance bakin ƙofa yana jira.

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe shida na safe

Baba ya sa babbar rigarsa. Keke na jira a waje.

Laraba, 17 ga Satumba, da hantsi

An ce kada in yi rubutu. Layi kaɗan ne, da manyan baƙaƙe.

An cire bandeji. Likitar ta ce aikin ya kama, awon ya sauka. Aka sake zaunar da ni gaban ƙwaryar nan. Da ta kawo takardar ba ta juyo min da ita ba, Baba ta nuna wa. Na tambaye ta ko kwana goma sha ukun ne. Ta ce ba wanda zai iya sani. Ta ce abin da ya rage a lallaɓa shi, zai iya kai ni shekaru, zai iya ƙin kaiwa.

Idan na miƙa hannu, tafina yana rufe duk abin da nake gani.

Juma'a, 19 ga Satumba, da yamma

Dokta ya aiko Lilian da saƙo: za a iya mayar da babin ya koma kan hirarraki, a ƙara mutum ashirin, a bar maganar shafuka. Zai shawo kan sashe. Digirin zai fito.

Na ce ta gode masa, zan yi tunani. Digiri ne a kan yadda wasu suke gani.

Na ce ta kwashe littattafan ta kai masa ofis, ɗalibai su amfana. Ta ce ba ta zo da jaka ba. Na ji jakar a kafaɗarta lokacin da ta rungume ni.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Ina kwance na ji bugun guduma a tsakar gida. Na fito ina bin bango.

Lokacin da idon Umma ya gama tafiya, Baba ya ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa madafa, daga madafa zuwa bayi. Da ita take yawo a gidan nan har ta bar duniya. Washegarin sadakar uku ya kwance ta da kansa, ya zare ƙusoshin, bai bar kowa ya taya shi ba.

Na tsaya har na same shi a cikin ɗan abin da nake gani. Yana tsugune jikin ginshiƙin madafa, ƙusa biyu a bakinsa. Bai haƙa sabon rami ba, tsofaffin ya bi. Wannan karon igiyar daga ƙofata ta fara.

Ya ji ni. Bai juyo ba. Ya cire ƙusoshin daga baki ya ce, "Igiyar shanya ce. Waccan ta ruɓe da ruwan bana."

Na kai hannu na taɓa ta. Sabuwa ce, mai kauri. Daidai ƙuguna take.

Na ce, "To, Baba. Allah ya saka."

Ya ci gaba da bugawa. Na riƙe igiyar na tafi madafa na ɗora mana ruwan shayi.